Hannuwan Mama Vasanti

Nendirmwa tana taje wa Mama Vasanti kai aka buga ƙofa. Ɗan tsohuwar ne, Prakash, da wata nas mai riƙe da fom. Tun jiya kamfanin da ya turo Nendirmwa jinya ya gargaɗe ta: yau za a gwada hankalin tsohuwar, in ta faɗi gwajin a kai ta gidan gajiyayyu, kuma ba a son bakin 'yar aiki a ciki.

Shekara biyu ke nan da shanyewar jiki ta ɗauke wa Mama Vasanti magana, ta bar mata hannun dama da ƙafa ɗaya. Kafin ta ƙare a wannan ɗakin na unguwar Queens a ƙasar Turawa, shekara talatin ta yi tana tsara rawar finafinai a birnin Madras na ƙasarsu. Nendirmwa ta ga wasu a silima a Jos tana yarinya. Shi ya sa tun makon farko ta gane yatsun tsohuwar ba karkarwa suke ba, magana suke. In tafin hannu ya kaɗa kamar igiyar ruwan kogi, ruwa take so. In yatsu suka buɗe kamar fure, a ɗaga labule.

Nas ɗin ta tambayi tsohuwar wace shekara ake ciki. Tsohuwar ta motsa yatsu. Ta nuna Prakash, ta ce wane ne wannan. Tsohuwar ta lanƙwasa hannu a ƙirji, tana jijjiga jaririn da babu. Nas ta ja layi a fom. Prakash yana kallon agogo. Bai taɓa zama minti goma ya koyi hannun uwarsa ba, amma ya riga ya zagaya gidajen gajiyayyu uku.

Nendirmwa ta buɗe durowar da Prakash ya hana a taɓa, ta ɗauko igiyar ƙararrawa ta rawa, ta ɗaura wa tsohuwar a idon sawu.

“Ki ba ta lamba,” ta ce wa nas. “Kowace.”

Nas ta ɗaga kafaɗa, ta ce bakwai. Diddige ya bugi katako sau bakwai, ya tsaya cak. Ta ce goma sha biyu a cire biyar. Bakwai kuma, wannan karon uku da huɗu, da ɗan salo, idon tsohuwar yana bin bugun.

Nas ta yi rubutu mai tsawo, ta juyo da fom ɗin don mai jinya ta sa hannun shaida. Nendirmwa ta karanta layin ƙarshe: ba ta amsa tambaya, ƙafa ba ta zama wuri ɗaya, a ɗaure ta a gado don kada ta faɗi.

“Sa hannu kawai, sista,” in ji Prakash. “Motar asibiti tana ƙasa.”

Nendirmwa ta ajiye biron da aka miƙo mata a kan tebur, ba ta sa hannu ba. Ta durƙusa ta ƙara ɗaure igiyar da ta fara kwancewa.

“Mama,” ta ce, “a sake. Daga ɗaya.”