Ina Sauran Ya Tafi

Mai Sikeli ya watsa kalanzir a kan tulin wayar da ke cikin rabin duro, ya ƙyasta ashana ya jefa, ya ja da baya. Baƙin hayaƙi ya murtuke, ya bi bangon bayan gida ya shige tagar ɗakin matarsa, hanyar da ya saba bi kullum. Sana'ar ke nan tun kafin ya yi aure: ya sayi tsohuwar wayar lantarki, ya ƙone robar jikinta, ya sayar da jan ƙarfen da ya rage. Akwai masu zama su feɗe waya da wuƙa, aikin da wuta ke gamawa kafin shayi ya huce su kwana biyu suna yi. Shi ragwaye yake ce musu, masu lokacin banza.

'Yarsa ta fito da mayafi toshe da hanci. Tun da ta shiga kwaleji tana karatun sinadarai ya daina kiranta da sunanta.

"Baba, don Allah ka kashe wutar nan. Umma tun safe take tari."

"A'a, Farfesa da kanta? Yau kuma me aka gano?"

Ya gaji da abubuwan da ake ganowa. Rannan cewa ta yi ƙarfe da ruwa da shi kansa duk an gina su ne da wasu ƙwayoyi, atam, waɗanda ido ba ya gani. Har ta ƙara da cewa cikin kowace ƙwaya yawancinsa fili ne, fanko. Ya daki tebur da hannu har kofi ya yi tsalle, ya ce mata ga fankon nata nan. Abin da ba a gani, ba a ɗora shi a sikeli, shi ne manyan mutane masu gemu suke karɓar albashi a kansa.

"Kilo nawa ka zuba a duron?" ta ce.

"Goma."

"Nawa za ka kwasa?"

"Shida, in wayar ta kirki ce."

"To ina huɗun?"

"Wuta ta cinye. Wannan ma sai an je kwaleji?"

"Wuta ba ta da ciki, Baba. Abu ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa. Ƙwayoyin da ke cikin robar suna nan, ba ɗaya da ta mutu. Kaɗan sun zama toka, sauran ga su can suna shiga taga. Suna labule, suna katifa, suna ƙirjin Umma."

Ya yi dariya har da riƙe ƙugu. "Wato uwarki tana haɗiye mini kilo huɗu kullum? Ai da yanzu ƙofa ba ta ɗauke ta. Ke, hayaƙin nan da kike toshe wa hanci shi ya saya miki littafin da kike mini rashin kunya da shi. Wuce ki ba ni wuri."

Ba ta kai ga wucewa ba suka ji faɗuwar kwano a ɗaki, da wani abu mai nauyi a bayansa. Suka tarar da matar a ƙasa gefen gado, baki buɗe, tana jan iska iskar tana ƙin shiga.

Shi ya ɗauke ta zuwa tasi. Hannunsa ya yi shekaru yana ɗaga buhuna, ba ya kuskuren nauyi, kuma abin da hannun ya gaya masa bai yi masa daɗi ba.

Asibiti dai asibiti ne: benci mai ƙafa uku da rabi, fanka tana juyi ba iska, kowa da farar riga yana tafiya kamar shi ya ƙera ranka. Aka sa wa matar robar iska a hanci. Da ta ɗan dawo hayyacinta wata nas mai taunar cingam ta ce a tsayar da ita a kan sikeli.

"Dakata," in ji Mai Sikeli. Ya durƙusa ya duba allurar sikelin, ya taka da ƙafa ɗaya ya saki. "Wa yake saita muku wannan?"

"Baba, nan ba kasuwa ba ce," in ji nas.

"Na gani. A kasuwa da an kama ku."

Amma allurar daidai take, a kan sifiri. Matar ta hau, 'yar tana riƙe da ita. Ya karanta kafin nas ta karanta. Bara da wasa ta taɓa hawa sikelinsa na shago, tana cewa ya faɗi nawa zai saye ta, ya ce ba ya sayen kayan da ba a narkarwa. Bai manta lambar ranar ba. Yau babu kilo bakwai a ciki.

Likitan yaro ne, gemunsa bai gama haɗuwa ba. Ya ɗaga hoton ƙirji a jikin haske yana nuna wasu wurare da biro, kamar Mai Sikeli ya ce masa yana gane gajimare.

"Tana shan taba?"

"Matata? Ka iya bakinka."

"To me ake ƙonawa a gidan?"

Mai Sikeli ya juya ya harari 'yarsa. Ta sunkuyar da kai, kuma tun shigowarsu ba ta matsa daga gefensa ba balle ya ce ita ta kitsa.

"Waya," ya ce. "Sana'a ce. Ko ita ma an hana?"

"Ni ban hana ka komai ba. Za mu riƙe ta mu ba ta magani. Amma in ta koma cikin hayaƙin nan, za ka sake kawo ta, kuma ban ce maka za ta amsa sallama ba a ranar."

A baranda suka zauna, uba a wannan ƙarshen benci, 'ya a wancan. Ya daɗe yana kallon bakin faratansa.

"To, Farfesa. Ke kika ce abu ba ya ɓacewa."

"Eh, Baba."

"Ina sauran uwarki ya tafi?"

Ta ɗago ta dube shi ko gatse ne. Fuskar ba ta nuna ba.

"Ba ta iya cin abinci sosai, sai jiki ya koma cin kansa. Abin da ya ƙona yana fita a numfashi, Baba. Yawancinsa ta nan yake fita."

"A numfashi."

"Eh."

"Roba ta shiga ta hanci, mutum ya fita ta hanci." Ya ja tsaki. "Karatun banza. Zauna da ita, ina zuwa."

Rana ta karkata lokacin da ya isa gida. Duron ya huce. Ya kwashe jan ƙarfen, ya tsaya yana kallon bangon da ya yi baƙi tun daga ƙasa har bakin taga. Ya shafa labulen ɗakin da yatsa, yatsan ya fito kamar an tsoma shi a tawada. Ya goge a wando.

Akwai sauran damin waya a jingine. Ya ɗora a sikeli, kilo biyu cif. Ya nemo wuƙa ya wasa ta a bakin dakali, ya zauna a kan bulo ya soma feɗewa. Aikin ragwaye ne, kuma ya yanke yatsa tun a wayar farko. Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya leƙo ta katanga.

"Yau ba wuta, maigida? Ko kalanzir ya gagara?"

"Ka ji da rediyonka."

Da ya gama ya ɗora jan ƙarfen shi kaɗai, ya ga abin da ya saba gani, nauyin ya ragu. Ya tsaya jim. Ya duba katanga, ba kowa. Sai ya tattara ɓawon robar da tafin hannu, har ƙananan da suka faɗa tsakanin ƙafafunsa, ya zuba a kai.

Allurar ta yi rawa, ta tsaya a kan biyu.

Ya taka sikelin ya saki, ko ƙarya yake yi. Ta koma kan biyu.

Ya ja dogon tsaki. Ya miƙe ya kifa duron, ya jawo shi gindin inuwa, ya zauna a kai, ya ɗauki wuƙar.