Likkafanin Malam Idrisa

"Sa shi mana, Malam Muntaka. Ba ya cizo."

Maƙwabcina Malam Idrisa yana kwance a tabarma, tari ya cinye shi saura ƙashi. Miƙo mini yake wani farin abu zagayayye kamar faifai, da rami a tsakiya. An yi masa ninki ƙanana-ƙanana, an ƙandarar da shi da ruwan rogo.

"A ina ake sa shi?"

"A wuya. Haka manyan Ingila suke ado shekaru ɗari uku da suka wuce."

"Shi ya sa suka baro ƙasarsu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na sa. Ni da na yi wa kumandan, Bafaranshen da ke mulkin yankinmu, tafinta har gemuna ya yi fari, ga ni zaune kamar kan rago a faranti.

Tun yana yaro kawunsa ya tafi da shi ƙasar Katsina, wajen Ingilishi. Can ya yi boko, ya koyar da manyan ɗalibai waƙoƙi da wasannin Turawan da. Da ƙirji ya kama shi ya dawo Matameye, garin da ko akuya in za ta yi Turanci, Faransanci za ta yi. Bai taɓa aure ba. Ƙanwarsa A'ishatu ke aiko masa da tuwo.

Da hutun lakwal, makarantar boko ta Faransa, ya tara samari 'yan makarantar Damagaram a zaurensa, wai za su yi wasan kwaikwayo irin na Ingila. Ya ɗinka wa kowa abin wuya. Suka zo, suka yi dariya, suka daina zuwa. Jarrabawar Faransa ba ta tambayar Ingilishi. Sai ni, da ba ni da wanda zan yi wa magana tun rasuwar matata Baiwa, na zama ajinsa duk la'asar.

"Gidan wasan ba rufi," in ji shi. "Talakawa a tsaye, masu hali a zaune. Maza ke shigar mata."

"Wannan ai muna da su a bayan kasuwa."

"Ka yi shiru, ɗalibi. Abin wuyan nan ya yi ta ƙara faɗi har suka ƙera cokali mai dogon hannu."

"Ludayi ke nan. Sun sha wahala kafin su iso mu."

Na ɗebo koko da ludayin na ba shi. Ya kurɓa kaɗan, ya shiga rera wasu baituka da harshensu, idonsa a rufe. Ban ji ko kalma ba. Amma na karanta waƙoƙin Larabawa da yawa, na san kukan wanda aka bari in na ji shi.

Na shafa abin da ke wuyana. "Ina ka samu farin yadi mai kyau haka?"

"A akwati," ya ce. "Gobe za mu shiga babin ƙarshe."

Goben, da hantsi, A'ishatu ta same shi ya cika.

Aka yi wanka, aka haƙa kabari. Liman ya ce a kawo likkafani. Kowane dattijo a unguwarmu da nasa a ajiye, ba a jiran ranar. A'ishatu ta buɗe akwatin, ta fito zaure da fararen faya-fayan nan a hannu.

"Baba Muntaka, ba kome sai waɗannan. Da hannuna na kai masa yadin bara."

Liman ya juya ɗaya, ya dube ni. "Mene ne wannan?"

"Darasi ne," na ce.

Ba ranar kasuwa ba ce, mai yadi ya tafi Dungu. Rana tana hawa, ga zafin bazara. Dattawa suka sunkuyar da kai, kowa yana duban takalminsa. Mutanen kirki ne, suna ba da aron jaki da galma. Likkafani kuwa ba a maido shi.

Nawa yana ƙarƙashin gado. Turmi ɗaya na saya lokacin ciwon Baiwa, don likkafaninta. Ta taɓa shi ta ce, "Ka ajiye sauran, Malam. Tun da ba ka taɓa yarda mun fita da kaya iri ɗaya ba." Na yi mata alkawari. Shi kaɗai ne alkawarinta da ban riga na karya ba.

Na shiga ɗaki, na daɗe a durƙushe. Daga waje na ji liman yana gyaran murya.

Da na miƙa masa, ya ce, "Allah ya ba da lada."

"A naɗe shi da kyau. Ba ya son sanyi a ƙirji."

Bayan sadakar uku A'ishatu ta aiko mini da abin wuya ɗaya, sauran ta yi tsumma da su. Na rataye shi a ƙusa, saman akwatina. Da damina ta sauka, danshi ya shiga shi, ninkin ya saki, ya langaɓe. Duk la'asar rana takan shigo ta taga ta tsaya a kansa kaɗan, kafin ta wuce bango.