Sunan da ke kan allon Rafi'u

Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. Mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, haka muka ga iyayenmu suna yi tun muna Wad Madani ta ƙasar Sudan. "Ɗan nan" nake ce masa, ko "kai". Yau da nake rubutu da ɗan karatun da na tsinta da girmana, zan rubuta shi: Rafi'u. Ba ni na haife shi ba, amma ni na yi masa kunyar ɗan fari.

Shekaru kaɗan bayan yaƙin Turawa muka zo Jidda, ni da mijina Na'ibi. Shi yana dako a tashar jiragen ruwa, ni ina wankau a unguwar Ruwais. Allah bai ba mu haihuwa ba. Wata safiya bayan aikin hajji, alhazai suna shiga jirgi, na je rumfar da suke kwana in tattara tsummokaran da suka bari. A bayan randar ruwa na ji motsi. Jariri ne namiji, an naɗe shi da guntun harami, ko cibiyarsa ba ta faɗi ba. Na'ibi ya yi ta cigiya har jirgin ya tashi, babu wanda ya ce nasa ne. Maƙwabciyata Turai tana goyo, ita ta shayar da shi. Da mako ya zagayo Na'ibi ya yanka rago, liman ya raɗa suna. Dattawan unguwa suka ce duk wanda ya gaya wa yaron nan asalinsa, Allah ya isa. Kowa ya ce amin. Har Usuman ya ce amin, na ji shi da kunnena, bakinsa cike da naman ragon.

Usuman tafinta ne a tashar. Ya yi zama a Asmara, yana jin harshen Italiyawa, kuma duk inda ya zauna sai an yi dariya, amma kullum da wani ake yin ta. Da zazzaɓi ya kashe Na'ibi, ina fita takaba Usuman ya aiko yana so ya aure ni. Na ce a gaya masa na gode, ɗana zan riƙe. Aka ce ya yi murmushi ya ce, "Ɗanta? To, halas, shi ke nan."

Lokacin da aka fara talabijin a Jidda, Rafi'u ya tasa. Ya shiga koyon gyaran injin manyan motoci a warshar wani Ba'italiye kusa da tashar. Sunan mutumin Esposito, mu dai Hawaja muke ce masa, kamar kowane Bature. Gajere ne mai sanƙo, ba ya zagin yara. Ni nake wanke masa kaya. Ya ce hannun Rafi'u yana jin inji kamar yadda ungozoma ke jin ciki.

Wata rana ɗan nan ya dawo gida yana washe baki.

"Inna, kin ji sunan da aka sa mini a tasha? Esposito ƙarami!"

"Wa ya sa maka?"

"Baba Usuman. Ya ce duk Jidda babu wanda ya cancanci sunan nan kamar ni. Da kin ga yadda 'yan dako suka yi ta dariya suna tafi."

Ni ma na ji daɗi. A wajen masu sana'a, in an kira yaro da sunan ubangidansa yabo ne. Sunan ya bi shi. Shekara da shekaru ana kiransa da shi, yana amsawa da ƙarfi, ana dariya, shi ma yana tayawa.

Ya ƙware, ya kama ɗan shago a unguwar Sa'alaba zai buɗe warsharsa. A can ya ga Madina, 'yar Abdulghaffar mai sayar da yadi, haifaffen Jidda wanda kan lissafa kakanninsa tun daga wanda ya fara zuwa hajji da ƙafa. Abdulghaffar bai san mutanen Ruwais ba. Ya tambaya, aka ce ɗan marigayi Na'ibi ne, ya ce ya ba shi, a ɗaura bayan an buɗe shago. Rafi'u ya sa aka yi masa babban allo shuɗi, aka rubuta da Larabci da boko: Rafi'u Na'ibi Esposito.

Ranar da aka kawo allon gida, Turai ta shigo ta same ni ina shanya. Ta dube shi jingine da bango, ta zauna a ƙasa.

"Yaya Larai, kin san abin da sunan nan yake nufi kuwa?"

"Sunan Hawaja ne."

"Maigidana ya daɗe da sani, kunya ta hana shi faɗa. Duk tsofaffin tasha sun sani. Usuman ya fassara musu tun ranar farko. Ɗan tsintuwa, Yaya. Abin da suke wa dariya ke nan."

Zanin da ke hannuna ya faɗi cikin ƙasa, ban ɗauka ba.

Da na kai wa Hawaja wankinsa, na tsaya a bakin ƙofa na tambaye shi da Larabci, kamar mai neman hira, wai mene ne ma'anar sunansa. Ya yi dariya, ya goge hannu da tsumma. Larabcinsa a karye yake, amma na gane komai. Ya ce a garinsu, Napoli, akwai gidan marayu na coci, a bangonsa an yi taga, a cikin tagar akwai ganga ta katako mai juyawa. Macen da ba za ta iya riƙe jaririnta ba sai ta zo ta sa shi ciki, ta juya gangar, ta tafi, ba wanda ya ga fuskarta. Waɗanda ke ciki su ɗauka. Da yake yaran ba su da uba, sai a ba su duka suna ɗaya, Esposito, wato wanda aka ajiye a waje. Ya ce mutanen Sifen ma suna da irinsa, furucin ne kawai ya ɗan bambanta. Daga baya hukuma ta hana a riƙa sa wa jarirai sunan, amma jikoki sun riga sun cika gari.

"Kakan kakana daga gangar nan ya fito," in ji shi, yana buga ƙirji. "Yau a Napoli kowane layi akwai mu. Likita, mai burodi, ɗan sanda. Wa zai yi wa wa gori?"

Na ce masa na gode. Ban gaya masa komai ba.

A gida na ce wa ɗan nan ya goge sunan Nasara daga allonsa, na ubansa ya isa.

"Haba Inna. Da shi direbobi suka san ni. In na goge wa zai zo?"

"Na ce ka goge."

"To me ya yi miki? Sunan ne ya cije ki?" Ya kama hannuna yana wasa da shi. "Ki bari a buɗe shago, in saya miki injin wanki, ki huta da sabulun nan."

Ba ni da dalilin da zan ba shi, sai wanda ba zan iya faɗa ba. Sai na tafi wajen Usuman. Na same shi a gidan gahawa yana shan shayi da mutanensa. Na durƙusa daga gefe, ni da na girme shi, na ce ina da magana.

"Faɗi a nan, uwar ɗa. Duk 'yan'uwa ne."

"Malam Usuman, ka tuna amin ɗin da ka ce ranar suna."

"Na tuna. Naman ragon ma na tuna, ya yi tauri." Aka yi dariya. "Me na gaya masa? Na taɓa ce masa wani abu? Suna na ba shi, ya ji daɗi, har ya biya mai fenti."

"Don Allah ka ce masa ya cire. Kai zai ji maganarka."

"Wallahi ba zan karya rantsuwa ba, Larai. Daga bakina ba zai ji ba." Ya kurɓi shayi. "Yalla, tashi, ƙasa da zafi."

Aka yi walimar buɗe shago bayan la'asar. An kafa rumfa a gaban warshar, an dafa shinkafa da nama, allon yana sama yana ƙyalli. Mu mata muna bayan labule, ni da Turai da dangin Madina. Abdulghaffar yana zaune a gaba cikin farar riga. Da aka gama ci, na ji muryar Usuman.

"Jama'a, mu'allim Esposito yana so ya sa wa yaronsa albarka. Da harshensu zai yi, don abin daga zuci yake. Ni aikina fassara."

Na leƙa ta gefen labule. Hawaja ya miƙe, ya dafa kafaɗar Rafi'u, idanunsa sun cika da hawaye. Ya yi magana, ya tsaya. Usuman ya juya ta da Hausa, sannan ya sake da Larabci, a hankali, yana kallon Abdulghaffar.

"Ya ce sai jiya ya san dalilin da ya sa yaron nan ya ɗauki sunansa, kuma ya yi kuka da ya ji."

Hawaja ya ci gaba.

"Ya ce shi kakan kakansa a taga aka yar da shi. Wannan kuwa a rumfar alhazai, bayan randa. Ya ce ashe su 'yan gida ɗaya ne. Ya ce namijin gaske ne yake rubuta asalinsa a saman ƙofa, ba ya ɓoyewa."

Hawaja ya rungume shi. Sai wani tsohon ɗan dako ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, wasu suka bi. Rafi'u yana tsaye a hannun Hawaja da ragowar murmushi a fuskarsa, yana duban wannan yana duban wancan, yana jiran a gaya masa inda wasan yake.

Abdulghaffar ya wanke hannu, ya share da mayafinsa, ya ce, "Usuman, menene fassarar sunan nan da ke sama?"

"Ɗan tsintuwa, ya ammi, baffana. Ni dai tafinta ne, an tambaye ni."

Abdulghaffar ya aiko a ce wa matansa su fito. Suka wuce ta gabana, ba wadda ta yi mini sallama. Uwar Madina ta koma ta ɗauki faifan da ta rufo tuwon madara da shi.

Rafi'u ya ɗaga labule a gaban mata, abin da bai taɓa yi ba.

"Inna, gaskiya ne?"

Na ce, "Ni na goya ka."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ya dubi Turai, ta rufe fuska da gyale.

"Su waye suka sani?"

Turai ta ce, "Kowa, ɗana."

"Duk shekarun nan da suke dariya?"

Ya saki labulen.

Washegari Hawaja ya zo ƙofata riƙe da hularsa a hannu. Ya ce Usuman ne ya gaya masa yaron ya san komai, wai shi ya zaɓi sunan don alfahari, kuma a al'adarmu babban girmamawa ne ubangida ya faɗa a taro. Ya yi ta cewa samahini, samahini, wato in yafe masa. Na rufe ƙofa.

Na ɗauka ɗan nan zai sauke allon ya farfasa. Da na je Sa'alaba na tarar da shi a kan tsani da gwangwanin shuɗin fenti. Sunan tsakiya yake shafewa, sunan Na'ibi.

Na ce, "Kai, sunan ubanka ne."

Bai juyo ba. "Wanda ya rage shi kaɗai ne ba ƙarya ba, Hajiya."

Hajiya ya ce mini. Daga ranar bai sake cewa Inna ba. Ya daina kwana a gida. Kowace Juma'a yakan kawo shinkafa da mai ya ajiye a bakin ƙofa, ya ce, "Sannu Hajiya," ya juya. Yaran Sa'alaba suka koyi fassarar, suna bin motocin da ya gyara suna rera ta. Kafin azumi aka aurar da Madina ga wani ɗan baffanta. Usuman ya je ɗaurin auren, an ce shi ya fi kowa ba da dariya.

Da kwangilar Hawaja ta ƙare zai koma gida, ya samo wa Rafi'u aiki a ɗakin injin wani jirgin kaya. Mijin Turai ne ya gaya mini, bayan jirgin ya tashi. Ya ce ya gan shi a bakin gadar hawa jirgi ya tambaye shi ina zuwa, ya ce, "Garin da ba a dariyar sunana."

Na koma zama a bakin tasha. Duk jirgin da aka ce ya biyo ta ƙasar Italiyawa, sai in nemi baƙar fata cikin ma'aikatansa in tambaya. Na daɗe ina yi kafin na samu wani Abdulghani, mutumin Port Sudan, mai dafa abinci a jirgi, wanda yakan sauka a Napoli. Na ba shi hular da na saka wa ɗan nan da hannuna, na ce ya nemo shi ya ba shi.

"Menene sunansa, ya khala?" in ji shi, wato gwaggo.

Na buɗe baki, kunyar ta riƙe ni kamar kullum. Na ce ɗan Na'ibi ne, amma can da Esposito za a san shi.

Bayan watanni ya dawo da hular a ninke yadda na ba shi.

"Wallahi na nema. Na shiga tasharsu na ce ina Esposito, mutum takwas suka juyo. Na ce baƙi ne, mai gyaran inji, suka ce in gwada wata tashar. Can ma haka. Khala, kamar ki tsaya a Arfa ki ce ina Muhammadu ne."

Usuman ya rayu ya tsufa, 'ya'yansa suka yi masa gida mai bene. Shagon Sa'alaba wani ya kama yana sayar da gawayi. Allon na roƙa aka ba ni, yana bayan gadona. Na sa wuƙa na kankare shuɗin fentin tsakiya a hankali don in fito da sunan Na'ibi, amma fentin ya kama, ya taso tare da rubutun, sai katako.