Rufin Ɗakin Dabo

Ruƙayyatu na tsugune tana tace gasara sai ta ji ana zare ƙusa daga katako, irin ƙarar nan mai sa haƙori tsami. Ta ɗaga kai. Kafinta ne a kan rufin ɗakin da ke jikin nata, har ya ɓalle fallen kwano guda yana miƙo wa na ƙasa. Na ƙasan kuwa Mukhtari ne, ɗan marigayi Alhaji mai gidan, tsaye cikin farar shadda, waya a kunne.

"Mukhtari, mi kaka yi haka? Akwai mutum ciki hwa. Dabo na kwance ba lahiya."

Ya sauke wayar kaɗan. "Na sani, Inna. Wa'adin da nib ba shi ya cika tun kahin azumi. Shaguna za ni yi nan, ba asibiti ba."

Kafinta ya ƙara ɓalle falle na biyu, aka ɗora su a amalanke, aka fice da su.

Dabo tsoho ne mai ɗinkin buhunan albasa a kasuwar Illela. Daga wani ƙauye bayan Ƙonni ya ƙetaro iyaka tun yana da baƙin gemu, ya kama ɗakin nan a hannun Alhaji. Shi kuwa Alhaji, Allah ya jiƙansa, kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai ya zagaya ɗakunan 'yan haya da kansa, yana duba inda ke yoyo. Ɗan ya gaji gidan, bai gaji zagayen ba.

Tsakanin ƙofar Dabo da ta Ruƙayyatu wata 'yar gajeriyar katanga ce. Ita mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata suna gidajen aure a nesa. Shi ma ba a san shi da kowa ba. Duk da haka shekara da shekaru maganarsu ba ta wuce ina kwana ba, don ita mace ce mai kunya, shi kuma ba ya ɗaga ido ya dubi matar mutane, ko da mijin na kabari. Abin da ke tsakaninsu ɗaya ne. Kullum da safe, kafin ta fita da kunun sayarwa, takan ɗora kofi guda a kan katangar. Daga ciki sai ya yi gyaran murya sau biyu. Wannan ita ce godiyarsa, kuma da ita take sanin ya kwana lafiya.

Ranar nan ta daɗe riƙe da mayafi ba ta yafa ba. Ita ma 'yar haya ce, kuma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin da zai yi wa nasa. Tsoro ya kama ta sosai. Amma da ta dubi gabas ta ga gajimare ya fara haɗuwa, sai ta yafa mayafin ta nufi ƙofar mai unguwa Halliru.

Mai unguwa ya sa aka kira Mukhtari, ya zaunar da shi a kan tabarma.

"Ɗana, ko wa'adi ya cika, ba kahinta aka kira ba. Kotu aka zuwa, alƙali ya saurari kowa, shi ka cewa a hita. Mai gida ba shi da ikon kware ma ɗan haya ruhi, ko ya watsa mishi kaya waje. Gyaran ruhin ma wuyanka shike. In ta kai gaban hukuma, kai aka riƙewa."

Mukhtari ya sunkuyar da kai kamar ya ji. "To, Baba. Kahintan ya tahi garin Araba wani aiki. Lahadi in kasuwa ta watse sai a maida."

Ran nan Alhamis ce. A hanyar fita ya dubi Ruƙayyatu, duba ɗaya, ita kuwa ta fahimta.

Da ta dawo ta tsaya jikin katangar, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta kira sunansa.

"Malam Dabo, mai unguwa ya ce ko ka koma zaurenshi kahin a gyara."

Sai tari. Can muryarsa ta fito a hankali. "Ki yi mishi godiya. Ba ni hita."

"Hadari na haɗuwa, Malam."

"Ina ganinshi, ai yanzu ba ni buƙatar leƙawa waje." Ya ɗan yi dariya, tarin ya katse ta. "Ɗiyata Shafa'atu, tun da mijinta yat tahi da ita arewa, lambarta ta bar shiga. Ɗakinga kaɗai tas sani. In ta zo ta ishe shago, wa za ta tambaya?"

Ruƙayyatu ba ta san yana da 'ya ba. Duk zaman nan, bango ɗaya, ba ta sani ba.

Ta je wurin masu albasa ta roƙi tamfal, suka ce duk an rufe kaya da su saboda hadari. Wani direba ya ba ta tsofaffin buhuna, wasunsu ma da ɗinkin Dabo a bakinsu, ya hau ya shimfiɗa su a kan ramin rufin ya danne da duwatsu. Iskar Juma'a ta kwashe su, ta kai har bayan masallaci.

Asabar da safe ta ɗora kofi. Gyaran murya ya zo sau ɗaya.

Bayan azahar gari ya yi duhu, iska ta taso da ƙamshin ƙasa, sannan ruwan farko ya kece. Yara suka fito suna tsalle a lungu. Ruƙayyatu na tsaye a ɗakinta tana jin ruwa na dukan kwano, daga ɗaya gefen bangon kuwa wata ƙara ce daban, ta ruwa mai zuba a kan siminti. Ta sungumi babban farantin da take tallar kunu a kai, ta zagaya katangar, ta yi sallama, ba ta jira amsa ba.

Ɗakin ba komai sai tabarma, da buta, da ƙullin kaya, da basillar ɗinkinsa a soke jikin bango. Ya ja jiki zuwa kusurwa, amma iska na karkato ruwan har kansa. Ya rame ƙwarai. Ta durƙusa ta riƙe farantin a saman fuskarsa da hannu biyu, ruwa na bin gwiwar hannunta yana shiga riga.

Ya buɗe ido, ya dube ta, karo na farko.

"Ke ta mai kunu?"

"Ni ta, Malam."

"Allah shi saka miki." Ya ja numfashi da ƙyar. "In ta zo, ki ce mata nan nike."

Ta ce to. Ta fara karanta masa kalmar shahada, leɓensa na bin ta. Hannuwanta suka yi tsami, ba ta sauke ba. Ba ta san lokacin da ya bar bin ta ba, don ƙarar ruwa a kan farantin ta cika ɗakin. Sai da aka ɗauke ruwan sannan ta ajiye shi, ta shafe masa ido, ta ja mayafinta ta rufe shi.

Liman ya zo da mai unguwa. Liman ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga kai ya ga sama, ya sauke ya dubi tabarmar da ke iyo.

"Ina danginshi?"

"Babu kowa nan," in ji mai unguwa.

"To, baƙo in ya rasu, mai masaukinshi ka amsar gaisuwa. A kira Mukhtari. Kuma ba a wanke gawa a sarari. Mutane na nan tahe."

Kafintan da aka ce yana Araba, sai ga shi kafin a gama ɗumama ruwan wanka. Mukhtari da kansa ya riƙe masa tsani, shaddarsa duk taɓo, yana waige-waige kada jama'a su iso su gani. Aka mayar da fallayen nan biyu da sababbin ƙusoshi, guduma na tashi a sama, Dabo na kwance a ƙasa. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba.

Aka kai shi kafin magariba. Ruƙayyatu ta tsaya a bakin zaure har makarar ta karya kwana, tun da mata ba sa raka gawa.

Kwana uku Mukhtari ya zauna a kan tabarma a ƙofar gida. Masu albasa, da direbobi, da 'yan canjin sefa suna zuwa suna miƙa masa hannu. "Ya haƙuri? Allah shi ba ka ladan riƙo." Yana amsawa kansa a ƙasa. Ita ba wanda ya yi wa gaisuwa, ai ba ta haɗa komai da mamacin ba.

Mai unguwa ya ce kayan mamaci amana ne, ba mai taɓa su sai an nemi magajiya. Aka ja ƙofar aka sa kwaɗo. Maganar shaguna ta kwanta, Ruƙayyatu ta san ba mutuwa ta yi ba.

Da safen da ruwa na biyu ya sauko, ta gama dama kunu, ta zuba a kofi, ta ɗora a kan katanga. Sai da ta juya sannan ta tuna. Ta tsaya a ƙarƙashin rumfarta, hannu a naɗe cikin zane, tana saurare. Ruwa na dukan rufin ɗakin Dabo, yana gangarowa ta indararo tsaf, ko ɗigo ba ya shiga ciki. A kan katangar kofin ya cika, kunun ya tsinke yana bin bango.