Addar Malama Magdalene

Malama Magdalene ta sauko daga kabu-kabu a bakin rumfar maƙera, tafin hannunta na dama naɗe da tsumma, wata adda cikin kuben katako a hammatarta.

Maharazu maƙeri ya ajiye masaba. Duk Zuru an san ta, 'yar ƙasar Filifin da ta zo koyar da lissafi tun tana budurwa, ta auri soja Dominic, ta zauna. Watan jiya aka binne shi.

"Malama, ya ƙarin haƙuri? Mi ya samu hannun?"

"Wannan ce ta suɓuce mini wajen sassabe," ta ce, ta miƙa masa.

Ya zare ta a hankali. Ba irin addar kasuwa ba ce. Bakinta faɗi ne da shi wajen tsini, kuma ruwan da ƙotar duk ƙarfe ɗaya ne. An lulluɓe ƙotar da saƙar wata igiyar daji, wadda ta yi baƙi, ta tsintsinke, tana juyawa a hannu.

"Bolo muke kiranta," in ji ta. "A kan duwatsunmu da ita ake sassabe, da ita ake sassaƙa gida, da ita kakanni suka yi yaƙi. Babana ya ƙera ta, ya saƙa ƙotar da hannunsa ana gobe zan taso."

Maharazu ya ƙwanƙwasa ƙarfen da farce, ya kasa kunne. "Ƙarfen lafiya lau. Amma saƙar ta mutu, kuma ba mu da wannan igiya a nan. Sai dai in yanke ta, in ɗaura ɗanyar fata."

Magdalene ta dubi saƙar. Mahaifinta ya rasu ba ta samu zuwa ba. Wannan saƙar ce kaɗai wurin da take jin yatsunsa har yanzu. Takan riƙe ƙotar wani lokaci ko ba aikin da za ta yi.

Tana cikin wannan tunani sai ga Ebenezer, wan mijinta, ya zo karɓar garmarsa. Shi ne ya faɗa gaban dangi cewa gonar Dominic da ke gindin dutse za ta dawo hannunsa, tun da ruwa ya kusa sauka kuma 'ya'yan marigayi duk suna Kaduna.

"Matarmu," ya ce, yana duban tsumman hannunta, "kin gani ko? Ba mugunta nake miki ba. Hannun alli ne da ke. Ƙanenki ma ya bugo waya daga ƙasarku ki koma gida ki huta. Gona ba ta kwana banza a gidanmu."

"Yaya, ni ma 'yar manoman dutse ce. Kafin in riƙe alli, irin wannan na riƙe."

"Ga shi kuwa ta yanke ki."

Ta karɓi addar daga hannun Maharazu, ta shafa saƙar da babban yatsa tun daga sama har ƙasa. Sannan ta mayar masa.

"Yanke ta."

Da ya sa wuƙa, igiyar ta zube guntu-guntu kamar busasshen ganye. Magdalene ta durƙusa ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a bakin zanenta. Maharazu ya jiƙa fata, ya naɗe ƙotar tamau, ya kanga ta kusa da wuta har ta kama, ya wasa bakin.

Ebenezer bai tafi ba. Da aka gama ya miƙa hannu, ta ba shi. Ya jinjina nauyinta, ya kai wa wani kututture sara ɗaya, ya tsaya yana kallon zurfin da ta shiga.

"Ki fara ta gefen rafi," ya ce, yana miƙa mata ta wajen ƙota. "Ƙayar can ba ta da yawa. In ruwa ya sauka ban ga shuka ba, zan shiga da shanuna."

"Na ji, Yaya."

Ta mayar da addar kube, ta tsayar da mai kabu-kabu.

"Gida, Malama?"

"Gindin dutse," ta ce. "Da sauran rana."