Gadon Haihuwa Mai Yawon Buɗe Asibiti

A daminar shekarar 2004 aka fara faɗaɗa ƙananan asibitoci a Sabon Gari da kewaye, kuma daga lokacin ne gadon haihuwar Sista Clara ya koyi yawo.

Sista Clara ungozoma ce a wani asibitin unguwa da ke bayan kasuwa. Gadon haihuwa ɗaya tak gare ta, na ƙarfe, mai katifar leda, kuma rabin yaran layin a kansa suka yi kukan farko. Da Kwamitin Lafiya a Ƙofar Gida ya tashi gina sababbin asibitoci, ya gina su da kyau: fenti kore da fari, ga allo mai manyan haruffa. Kayan ciki ne kawai aka ce suna hanya. Tun da kuwa ba a yanke ƙyalle a gaban ɗaki wayam, sai al'ada ta kafu: ranar biki a aiko akori-kura ta ɗauki gadon Sista, a shimfiɗa masa sabon zane, babban baƙo ya dafa shi a ɗauki hoto, washegari a dawo da shi. Haka gadon ya buɗe asibitin Unguwar Gabas, ya buɗe wani a hanyar Shika. Ya sha jawabi fiye da mai shi.

Ranar da za a buɗe na Samaru, Ebele mai sayar da atamfa ta iso da hantsi tana riƙe da ƙugu, faya ta riga ta fashe. Cikin fari ne. Sista ta kwantar da ita ke nan sai ga hon ɗin akori-kura a waje.

Malam Othniel ne, sakataren kwamitin, dattijo kuma a cocinsu Sista, ya sha babbar riga.

"Sista, barka da hantsi. Mun zo ɗaukar babban ma'aikacinmu."

"Yau yana bakin aikinsa na ainihi, Dattijo. Akwai mace a kai."

"Tabarma ba ta taɓa hana kowa haihuwa ba. Ni kaina a kanta aka haife ni."

"Ashe shi ya sa kake ta gina asibitoci."

Ya leƙa ta labule, ya ji nishin Ebele, sai fuskarsa ta washe.

"Sista, Allah ya kawo mafita! A ɗora su tare. Ba a taɓa buɗe asibiti da mai naƙuda a ciki ba. Ki dubi irin hoton da za a samu!"

Daga ciki Ebele ta ɗaga murya: "Oga, in ka taɓa gadon nan, a kan babbar rigarka zan haihu!"

Malam Othniel ya ja baya, ya tattare hannun rigar. Sannan ya rage murya irin ta mai ba da shawara bayan sujada.

"'Yar'uwa, kin san kwamiti na neman wadda za a tura ta riƙe Samaru. Kada ki sa a tuna da sunanki."

Sista ta tuna da gida. A nan bayan layi tsohuwarta ke kwance, kullum da rana takan leƙa ta juya ta, ta ba ta kunu. Daga Samaru ba za ta iya ba. Ta kuma lura cewa asibitin da za a yi wa addu'ar godiya da azahar, shi ne mai gina shi ke tsorata mutane da shi da hantsi.

Ebele ta sake nishi, wannan karon mai tsawo. Sista ta yi gajeriyar addu'a a zuci, ta janyo safar hannu.

"Dattijo, ka gai da manyan baƙi," in ji ta, ta tura ƙofa ta sa sakata.

Ta riga ta yanke shawara. Gadon ba zai fita ba sai Ebele ta sauka, in kuma kwamiti ya tura ita Sista Samaru, inda babu gado, da tabarmarta za ta tafi.