Garantin Wata Uku

Motar tana gurnani kamar za ta ci mutum, amma da ƙyar ta haye ɗan tudun da ke bakin filin Onyebuchi a Laranto. Kafin ta tsaya, ƙaurinta ya riga ta isowa. Onyebuchi ya tsufa yana sayar da motocin Kwatano, saboda haka bai ma nemi a buɗe masa inji ba. Hancinsa ya gaya masa kuloci ne ke ƙonewa.

Pwajok ya fito ya rufe ƙofa a hankali, yadda yake yin komai nasa. Tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, dogo, mai tafiya kamar yana tsoron taka tururuwa.

"Oga Onyebuchi, ina kwana."

Gaisuwar ce ta fara sukar Onyebuchi. Shekara da shekaru Baban Chisom yake ji daga wannan bakin, shi kuma ya amsa da Baban Yael. Lokacin da gari ya rikice, a falon Pwajok a Jos Jarawa iyalinsa suka fake har ƙura ta lafa. Yau kuma, saboda ƙarfe, ya zama Oga.

Pwajok ya ce, "Garantin wata uku ka ba ni. Ko wata biyu ba a yi ba, ka ji yadda take kuka."

"Garantin inji da giya na ba ka, Baban Yael, kuma na faɗa maka ranar da ka ɗauke ta. Kuloci da birki da taya ba mai tsaya maka a kansu, ko kamfanin da ya ƙera. Ƙafar direba ce ke cin su."

"Ƙafata?" Pwajok ya dubi takalminsa kamar an zagi kakansa. "Ni da mai keke yake wuce ni a titi yana yi mini dariya? Ban taɓa gudu da motar nan ba. Bakanike ya ce faifan kulocin ya gaji tiɓis. Tsoho aka goge aka lallaɓa mini."

"Haba! Sabo na sa maka. Da hannuna na fitar da shi daga kwali, don kai ne."

"To sabo ne ya mutu yanzu-yanzu?"

Onyebuchi ya shiga zagaya motar, hannu a baya. Doguwa ce, ruwan toka, mai buɗaɗɗen baya. Ya leƙa ta gilashi ya ga kujerun baya a kwance, shimfiɗar ƙasa kuma duk shatin wani abu mai nauyi da ake turawa ana jawowa. Ya duƙa ya kankaro jar laka daga cikin taya, irin wadda babu ita a kwaltar gari.

"Me kake ɗauka a cikinta?"

Fuskar Pwajok ta rufe. "Motata ce ko taka?"

Ya shiga, ya tayar, ya gangara da ita tana nishi. Ko sallama babu.

Tun daga ranar zargi ya samu kujera a zuciyar Onyebuchi, ya miƙe ƙafa. Shi ya san irinsu. Mutum ya sayi mota ya ce ta zuwa majami'a ce, washegari ka gan ta a kasuwar Farin Gada an danne ta da buhunan kabeji da dankali har hancinta na kallon sama, idan ta kwanta kuma a dawo ana waƙar garanti. Abin da bai taɓa zata ba shi ne Pwajok zai shiga wannan sahun. Amma fansho ba ya zuwa a kan kari, kuma talauci ya sha koya wa mutanen kirki ƙarya. Da ya zo ya ce masa yana ɗan jigilar kayan gwari ne, ai da an san yadda aka yi. Ɓoyewar ce ta fi ƙona masa rai.

Can kuma ya fara tuna wasu abubuwa yana ba su sabuwar fassara. Me ya sa Pwajok ya nace sai mai dogon baya, shi da ba iyali a gabansa, matarsa Suzana ta rasu, 'yarsa tana gidan miji? Me ya sa ya auna tsawon bayan da hannu ranar ciniki? Ashe tun farko da shirinsa ya zo.

Matarsa Immaculata ba ta ƙyale shi ba.

"Abeg, don Allah ka canza masa abin nan mu huta. A kan faifan kuloci ɗaya za ka rasa Baban Yael?"

"Idan na canza, na amsa ni macuci ne ke nan. Tun da na fara sana'ar nan ba wanda ya taɓa cewa na rufe masa ido."

"To ka je ka tambaye shi gaskiya mana."

"Na tambaya. Kin san amsar da ya ba ni."

Ta yi tsaki ta koma wajen tukunyarta. Lahadi ta zo ta wuce, Pwajok bai leƙo shan shayin yamma ba, kujerarsa ta yini a jingine da bango. Onyebuchi ya yi ta satar kallon ƙofa, da Immaculata ta juyo sai ya shiga danna waya. Yana kewar abokinsa ƙwarai, kuma kewar ta ƙara masa haushi.

Daga baya wani mai saye ya zo filin, ya taka kulocin wata mota ya sake, ya taka ya sake, sannan ya ce cikin murmushi, "Oga, wannan dai ba irin na malamin nan ba ne ko?" Ashe maganar ta fita gari. A nan Onyebuchi ya yanke shawarar zai kama Pwajok da idonsa, kabeji a mota, ya ga da wane baki zai ƙara cewa garanti.

Ranar Asabar da sassafe ya ɗauki wata ƙaramar mota daga filin, ya kafa hula har gira, ya laɓe a kwanar layin Pwajok. Babban mutum da jikoki, yana leƙe ta ƙasan sitiyari kamar ɓarawon kaza. Bai daɗe ba sai ga ruwan tokar ta fito, kujerun baya a kwance. Ya bi ta daga nesa, kuma bin Pwajok aiki ne, domin sai ka yi ta taka birki kada ka wuce shi.

Da suka doshi Farin Gada, Onyebuchi ya gyara zama. Ga manyan motoci ana sauke tumatir, ga 'yan dako suna kai da kawowa. Ya jira ya ga ta ratse. Ba ta ratse ba. Ta wuce kasuwar ɗungurungum, ta saki kwalta, ta shiga wata unguwa a gindin duwatsu, ta tsaya ƙofar wani gidan laka inda mata masu ɗaurin zane iri ɗaya suka cika benci.

Onyebuchi ya fito yana raba ido. Maza suka fito daga gidan ɗauke da akwatin gawa na farin katako, ko fenti babu. Pwajok ya ɗaga murfin baya, suka ɗora bakin akwatin a kan shimfiɗar suka tura, ya shige daidai kamar don shi aka ƙera motar.

Kafin ya san inda zai sa kansa, Pwajok ya hango shi. Ya tsaya yana dubansa, sannan ya matso.

"Ka san Magadaliya ne? Mai dafa gwate tana sayarwa?"

"Na... na ji labari," in ji Onyebuchi, kunya kamar ta nutsar da shi.

"Ba ta bar kowa ba sai matan zumuntar majami'a. Shigo gaba, maƙabartar tana kan tudu."

Ya shiga, don ba shi da bakin ƙi. Matan suka jeru a gaba suka ɗauki waƙa, suna tafe suna rangaji, tsofaffi ne akasarinsu, wasu da sanda. Motar ta bi bayansu da tafiyar ƙafa. Hanyar duk duwatsu ce da jar laka, kuma hawa take yi. Ko giya ta ɗaya ta fi matan nan sauri, saboda haka Pwajok ya danne kuloci rabi, ya ba da wuta, ya riƙe motar tsakanin tafiya da tsayuwa. Idan matan suka dakata su ja amshi, ba ya taɓa birki don kada akwatin ya girgiza, da kulocin yake tokare ta a tsakiyar hawa. Injin yana ihu, ƙaurin ya cika musu hanci.

Onyebuchi ya ƙura wa ƙafar nan ta hagu ido. Ga shaidarsa, ƙiri-ƙiri. Ko faifan ƙarfen jirgin ƙasa aka sa, wannan tuƙin sai ya cinye shi.

"Kullum haka kake yi?"

"Duk wanda ba shi da halin motar asibiti. Damina ta kwashe tsofaffi bana, mako ba ya wucewa." Pwajok ya gyaɗa kai wajen ƙafarsa. "Ka dai gani da idonka yadda nake lallaɓa ta. Ban gaya maka ba ne don na san ku masu mota ba kwa son jin gawa."

Onyebuchi ya ja numfashi zai fara bayani, sai Pwajok ya ci gaba, idonsa a kan matan.

"Ranar da Suzana ta rasu kana Kwatano, an tsare ku a kan iyaka, filinka a kulle. Ban samu mota ba. A bayan akori-kurar kayan miya muka kai ta, ganyen kabeji yana manne wa akwatin. Direban yana sauri zai koma lodi, ya riƙa faɗawa ramuka da ita, matan suna gudu a baya har suka bar waƙar." Ya kauce wa wani rami a hankali. "Da kuɗin sallamata suka fito na ce ba wanda za a ƙara kai wa da gudu in ina raye."

Bai faɗe shi da zargi ba, kuma hakan ne ya fi yi wa Onyebuchi ciwo. Ya tuna yadda ya dawo bayan an gama zaman makoki, ya kai buhun shinkafa, ya yi kuka, bai taɓa tambayar da me aka ɗauke ta ba. A ranar motoci sun fi goma a filinsa, kowace da mai a tankinta.

Suka ƙarasa kan tudun, hayaƙi siriri yana fita daga ƙarƙashin motar. Pwajok ya kashe injin. Bayanin yana nan a bakin Onyebuchi, tsaf, ba wanda zai iya musa shi. Amma faɗinsa daidai yake da gaya wa mutumin nan cewa abin da yake yi wa Suzana ne ke kashe motar.

"Kawo ta Litinin," ya ce. "Zan sa sabo. In ya sake yi, ka sake kawowa."

Pwajok ya juyo ya dube shi, idanunsa suka ciko. Ya dafa masa gwiwa.

"Na san zuciyarka ba za ta bar ka ba, Baban Chisom. Neman abinci yana sa mutum ya yi abin da ba halinsa ba. Na yafe maka, kuma zan gaya wa mutane ka gyara kuskurenka."

Onyebuchi ya ji maganar ta sauka har cikin ƙashinsa. A waje matan suna jira.

"Na gode, Baban Yael," ya ce.

Suka fito tare, suka zagaya baya, kowa ya kama gefe ɗaya na akwatin.